Fasto Ma Mutum Ne: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gajiya da Hutu Ga Masu Aikin Ikilisiya a Kumasi

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa duk sanda masu hidima da Hausa a Kumasi ta ƙasar Ghana suka zauna, fastoci da masu bishara da dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa, daga unguwar Aboabo zuwa Asawase, Tafo har Suame. Wasu a fili ake yin su, wasu kuma sai an tashi taro mutum ya ja ka gefe. Amsoshin duk waje ɗaya suka nufa: hutun shugaba ba abu ne da zai zo da kansa ba, sai an zauna an tsara shi tare da dattawa da iyali.

Yaya zan bambanta gajiyar yau da kullum da wadda ta zama matsala?

Gajiyar yau da kullum barci na maganinta. Ka yi wa'azi sau biyu ran Lahadi, ka biya ta asibiti, ka dawo gida liƙis, ka kwana, kafin Litinin da yamma ka dawo hayyacinka. Wadda muke magana a kai ita ce wadda za ka kwana ka tashi tana nan, wata ya wuce tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har ka fara jin haushinsa, sannan ka riƙa ganin kamar ba ka tsinana komai.

A wajen masu aikin ikilisiya alama ta biyun ce ta fi tona asiri. Waya ta yi ƙara, ka ga sunan memba, gabanka ya faɗi. Wata uwa tana ba ka labarin ɗanta da ya shiga shaye-shaye, kai kuma kana kallon agogon bango. Mutanen da ka taɓa yin kuka saboda su yanzu sun zama maka kaya. In abin ya haɗa da rashin barci, ciwon kai ko bugun zuciya, ka tsallaka zuwa tambayar asibiti a ƙasa.

Me ya sa abin ya yi mana yawa a nan Kumasi?

Duba satin fasto ɗaya a zango. Addu'ar asuba kusan kullum, Laraba nazarin Littafi, Juma'a addu'ar kwana har gari ya waye, Asabar jana'iza don a ƙasar Asante ranar kenan, Lahadi sujada, sai taron dattawa, sai sulhun miji da mata da zai kai ku ƙarfe 9 na dare. Janairu azumin kwana 21 a coci-coci da yawa, Ista babban taro, daren 31 ga Disamba kuwa ba a magana.

Sannan akwai abin da ya shafe mu musamman. Membobinmu da yawa baƙi ne daga arewa, Bawku, Bolga, Walewale, Wa, wasu daga Nijar da Nijeriya da Burkina, ba su da dangi a kusa, to fasto ne dangin. Yarinya mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia ta yanke jiki ta faɗi, kai za a kira. Mai gida ya kori wani, kai. Wani ya rasu ana so a kai gawa gida, kai ne za ka bi mutane da takarda ana tara kuɗin mota, kuma sau da yawa kai za ka raka ta, tafiyar dare guda. Ga wa'azin ma kansa, ka yi da Hausa, a juya da Twi, wani lokaci da Kusal ko Frafra. Ba rauninka ba ne ya jawo, aikin mutum huɗu ne aka ɗora wa ɗaya.

Amma ba rashin bangaskiya ba ne bawan Allah ya ce ya gaji?

A'a. Karanta 1 Sarakuna 19 a hankali. Iliya ya gama ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel, Yezebel ta aiko masa da saƙon barazana, ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini cikin jeji, ya zauna gindin wani itace ya ce Ubangiji ya isa haka, ɗauki raina. Me Allah ya fara yi masa? Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Magana ta zo ne daga baya a Horeb, kuma a cikin maganar akwai gyaran lissafi (ba kai kaɗai ka rage ba, akwai mutum 7,000) da kuma abokin aiki, wato Elisha. Barci, abinci, gaskiya, mataimaki, a jere haka.

Musa a Littafin Ƙidaya 11 ya ce kayan mutanen nan ya fi ƙarfinsa, aka ba shi dattawa 70. Bulus a 2 Korantiyawa 1:8 ya ce nauyin da ya same su a Asiya ya kai har sun fid da rai. Yesu kansa ya yi barci a jirgi kan matashi ana hadari, kuma a Markus 6:31 shi ne ya ce wa almajirai su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, don mutane na ta kai da kawowa har ba su da sukunin cin abinci. Ba wanda ya fi su himma a cikinmu.

Lahadi ita ce ranar da na fi wahala. To wace rana ce tawa?

Zaɓi wata rana ka tsaya a kanta. Yawanci Litinin ake ɗauka, kuma tana da kyau, sai dai wasu sun lura Litinin gawa suke, ba hutu suke ba, kwanciya kawai da ciwon jiki, don haka suka koma Talata ko Alhamis. Abin da ya fi muhimmanci a san ranar, a sanar da ita daga bagade, kuma ta zama awa 24 cikakku.

Akwai aya guda da ta dace da mu, Fitowa 34:21, inda aka ce a huta ko a lokacin huɗa da lokacin girbi. Wato lokacin da aiki ya fi yawa ma ba uzuri ba ne, don manomi bai taɓa rasa dalilin shiga gona ba. In kana jira sai aikin coci ya lafa, ba zai lafa ba. A ranar kar ka shirya wa'azi, kar ka buɗe littafin baiko, kar ka "leƙa" ginin coci. Ka yi barci, ka ci abinci zaune, ka yi hira da iyali, in akwai kuɗin mota ku je bakin tafkin Bosomtwe ku sha iska, ba shi da nisa, wajen kilomita 30 ne daga gari.

Ni ba albashi nake karɓa ba, ina aiki a Magazine da rana. Ina zan samo ranar hutu?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, kuma amsar da ke sama ba za ta zauna maka daidai ba. Wanda ke kwance injin mota a Suame Magazine, unguwar kanikawa, daga Litinin zuwa Asabar, ko mai shago a Asafo, ko malamar makaranta mai riƙe da zumuntar mata, in ya bar aiki rana ɗaya abincin gida ne ya ragu. Bulus ma ya yi ɗinkin tanti, ba abin kunya ba ne.

Abin da ke yiwuwa shi ne a rage daga ɓangaren coci, tunda ba za a iya ragewa daga ɓangaren tuwo ba. Dare biyu a sati ba taro, ba ziyara. Lahadi daga ƙarfe 2 na rana an rufe. Lahadi ɗaya a wata wani ne zai yi wa'azi kai ka zauna a benci. Addu'ar kwana kuma ta koma sau ɗaya a wata, don mutumin da bai runtsa ba daren Juma'a ya wayi gari yana shiga ƙarƙashin mota ran Asabar, rayuwarsa yake sakawa a haɗari. Wannan duk sai da yardar dattawa, duba tambayar yadda za a yi musu magana.

Wayata ba ta shiru. In kashe ta, in wani yana bakin mutuwa fa?

Zauna ka duba kiran da aka yi maka bayan ƙarfe 10 na dare a watan da ya wuce, ka ware na gaggawa na gaske. Za ka tarar mafi yawa mafarki ne aka yi ana son fassara, ko gardamar miji da mata da ta shekara ana yi, ko saƙon murya na minti 8 a WhatsApp, ko neman a turo ɗan kuɗi ta MoMo, wato ta waya. Duk za su iya kaiwa safe.

Mafita ita ce lambar gaggawa ta biyu da za ta riƙa zagayawa tsakanin dattawa da dikinoni, sati-sati. Wanda ke riƙe da ita shi zai auna ko a tashe ka. A kuma koya wa mutane cewa in naƙuda ce ko haɗari ko wani ya suma, a kira 112 ko a nemi mota zuwa asibiti tukuna, fasto ya biyo baya. Satin farko za a yi gunaguni, wani ma zai ce Osofo (fasto da Twi) ya fara girman kai. Ba komai, za su saba.

Dole ne in je kowace jana'iza, kowane suna, kowane aure?

Ba dole ba, amma ka yi hattara, don a nan rashin zuwa jana'iza magana ce babba kuma ba a mantawa. Na memba da na iyalinsa na kusa kai ne da kanka. Na surukin ƙanin memba a Ejura ko Techiman, a tura dattijo da mata biyu da gudummawar ikilisiya, kai ka kira ka yi gaisuwa, in sun dawo ka je gida. Maƙwabtanmu Musulmi a zango kuwa, gaisuwar rasuwa ta minti 15 a ƙofar gida ta wadatar kuma tana da daraja sosai, kar ka yanke wannan.

In na hau dutsen Atwea na yi azumin kwana bakwai, ba hutun kenan ba?

Atwea wuri ne mai albarka, tun shekarun 1960 da wani limamin Methodist, Abraham Osei-Asibey, ya fara hawa can addu'a mutane ke zuwa, kuma ba wanda zai hana ka. Amma mu faɗi gaskiya, abin da yawancinmu ke yi a can aiki ne. Ka hau da jerin buƙatun membobi a aljihu, ka kwana a ƙasa cikin sanyi, hagu da dama ana addu'a da ƙarfi har asuba, ba ci ba sha, wani ya gane kai fasto ne ya zo a ɗora masa hannu. Ka sauko da murya a dishe ka zarce bagade. Ruhu zai iya samun wani abu, jiki dai bashi ya ƙara ci.

Azumi da hutu abu biyu ne, kowanne da lokacinsa. Wanda ya riga ya ƙone, azumi mai tsawo na ƙara masa rauni, musamman mai gyambon ciki, ciwon suga ko hawan jini. Irin wannan mutumin wuri mai shiru yake buƙata inda akwai gado da abinci. Akwai gidan sufaye na Kristo Buase kusa da Techiman da ke karɓar baƙi, akwai cibiyar Ramseyer ta Presbyterian a Abetifi, ko kuma gidan wani abokin aiki a ƙauye inda ba a san ka ba. Kwana uku haka, waya a kashe.

Na daina jin komai in ina addu'a, Littafi ma sai don wa'azi nake buɗewa. Na ja da baya ne?

Ba lallai ba. In akwai zunubin da kake ɓoyewa, ka san shi, ka tuba ka nemi wanda za ka faɗa wa. In babu, sau da yawa gajiya ce ta toshe ji, kamar yadda take toshe ɗanɗanon abinci. Kar ka ƙara wa kanka awanni don hukunci. Rage. Zabura ɗaya da safe, a karanta da murya, ba biro ba takarda, in wata aya ta ce maka "zan yi kyau ran Lahadi" ka ƙyale ta ta wuce. Zabura 42, 62, 88 da 131 na irin wannan lokacin ne, ta 88 ma ba ta ƙare da murna ba kuma an bar ta a Littafi haka.

Wasu ya taimake su su canza harshe, wanda ya saba shiri da Turanci ya koma Littafi Mai Tsarki na Hausa ko na harshen uwarsa don karatun kansa. Sannan ka nemi inda za a yi maka wa'azi kai ma, ko sau ɗaya a wata, a cocin da ba za a kira ka gaba ba. Kiran da ke Matiyu 11:28 ga masu wahala da nauyin kaya bai cire masu kwala, wato fastoci, ba.

Na so in raba aikin, amma ba wanda zai yi shi yadda ya kamata.

Eh, da farko ba za su yi kamar kai ba. Dattijon zai yi wa'azin minti 50 ya maimaita kansa, yaron da ka ba jagoran sujada zai manta da sanarwa. Haka kai ma ka fara. Yetro ya ga surukinsa Musa zaune yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin nan ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen ma, aka naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma (Fitowa 18). Lura da wannan, mutanen ma na gajiya da tsayuwar jiran mutum ɗaya. A Ayyukan Manzanni 6 kuma rabon abincin gwauraye aka miƙa wa mutum 7.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Wani lokaci ba rashin masu iyawa ba ne, tsoro ne. Kumasi ta sha ganin mataimaki ya kwashe rabin coci ya buɗe tasa a ajin makaranta, don haka fasto ya gwammace ya riƙe makulli, makirfo da littafin kuɗi duk a hannunsa. Tsoron na da dalili, amma farashinsa lafiyarka ce. Fara da abin da bai fi ƙarfinsu ba, ziyarar marasa lafiya unguwa-unguwa, nazarin Laraba, lissafin baiko (wannan ma bai kamata ya zauna hannun fasto ba tun asali).

Yaya zan gaya wa dattawa ba tare da sun ce na gaza ba?

Kar ka kawo maganar a ƙarshen taro kowa na hamma, kuma kar ka kawo ta cikin fushi. Fara da dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, ka same shi a gida. Ka ce, Baba, na zo neman shawara ne, ga yadda satina yake, ka nuna masa a rubuce awa-awa. Da yawansu ba su taɓa lissafawa ba, Lahadi kawai suke gani. Sai ka faɗi abin da kake roƙo dalla-dalla: rana ɗaya a sati, lambar gaggawa, hutun shekara, da sunan wanda zai riƙe kowane aiki in ba ka nan. Bari shi ya gabatar a taro.

In ana neman ma'auni, dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 15 na aiki hutun shekara da albashinsa, da awa 48 na hutu a kowane sati. Ba don ka kai coci ƙara ba, don dai a ga abin da ƙasa ke ɗauka mafi ƙaranci ne. Manyan ɗariku suna da tsarin hutu a rubuce, ka tambayi ofishin gundumarku, sau da yawa haƙƙin na nan mutane ne ba sa karɓa. In ka samu hutun kuma ka bar gari, don in kana mishan haus, wato gidan fasto, za a ƙwanƙwasa.

Matar fasto fa? Ita wa zai ba hutu?

Ita ce aka fi mantawa. Mama ce ke dafa wa baƙin da suka sauka daga arewa ba sanarwa, ita ke jagoran mata, ita ake kai wa gulma, ita ake dubawa in ta ɗinka sabon zane, kuma ba wanda ya naɗa ta ko yake biyanta. Ga nata sana'ar, ga yara. Ranar hutun Baba ba ranar da Mama za ta yi wanki da daka fufu shi yana kwance ba ce. A tambaye ta wane aikin coci take so da wanda aka ɗora mata kawai, na biyun a sauke. Yara kuma su san akwai lokacin da babansu nasu ne, ba a katse shi don wani ya zo. 1 Timoti 3:4-5 ya sa kula da gida cikin sharuɗɗan aikin, ba bayan aikin ba.

Rabin gajiyata kuɗi ne. Wannan ma na ruhaniya ne?

Na gaske ne dai. Mai gida na neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, ga makaranta, ga membobin da ke ganin aljihunka asusun coci ne. A kafa asusun taimako da kwamiti, duk mai buƙata a tura shi can, kai ka daina bayarwa daga kuɗin cefane. Ka sabunta katin inshorar lafiya na NHIS naka da na iyali, ka shiga asusun fansho na SSNIT ko da kai mai zaman kanka ne, ana karɓa. Maganar albashi kuma 1 Timoti 5:18 ta riga ta yi ta, cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa, ka bar wani dattijo ya tuna wa ikilisiya.

Yaushe abin ya wuce hutu, ya zama na asibiti?

In baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya wuce sati biyu kusan kullum, barci ya lalace, ci ya ragu ko ya yi yawa, kana kuka ba dalili, ko ka fara dogara da giya, tramadol ko maganin barci. In awon jininka na kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai, wannan ma likita ne. In kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, yau ɗin nan za ka faɗa wa wani ku tafi tare, ba gobe ba. Tun 2023 Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, ba wanda zai kama ka don ka nemi taimako.

Asibitin Komfo Anokye na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gunduma ma na da nas-nas na wannan fannin, kuma sirrinka na cikin aikinsu. Shan magani bai soke addu'a ba. Charles Spurgeon, babban mai wa'azin Landan, ya yi fama da baƙin ciki mai nauyi shekara da shekaru, ya faɗa a fili, kuma yakan tafi Menton a Faransa jinya, can ma ya rasu a 1892. Mu da muke raka mutane asibiti kullum bai kamata mu ji kunyar yankar kati ba.

Ina ji kamar in ajiye aikin gaba ɗaya. In ajiye?

Kar ka yanke wannan hukuncin ran Litinin da safe, kuma kar ka yanke shi kai kaɗai. Ka fara ɗaukar hutu na gaske, wata ɗaya zuwa uku in zai yiwu, ka ga likita, ka zauna da wani babban fasto da ba shi da iko a kan canjin wurinka ko albashinka, don shi ne za ka iya gaya wa komai. Da yawa in sun huta sai su gane ba kiran ne ya mutu ba, tsarin aikin ne ba ya ɗaukuwa, sai su dawo da sharuɗɗan da muka ambata a tambayar dattawa. Wasu kuma su gane lokacin canji ya yi, zuwa koyarwa, ko wata ikilisiya, ko sana'a. Wannan ma ba ridda ba ce, Lawiyawa ma a shekara 50 suke sauka daga aiki mai nauyi su koma taimakon 'yan'uwansu (Littafin Ƙidaya 8:25-26).

Ni memba ce kawai, na ga fastonmu ya rame ya zama mai saurin fushi. Me zan yi?

'Yar'uwa, kar ki je ki ce masa Baba ka gaji, zai ce yana lafiya, Allah na ba da ƙarfi. Ki sami Mama ki tambaye ta me zai rage musu nauyi a satin nan, ki kuma yi wa dattijon da kike da kusanci da shi magana ya duba tambayar dattawa a sama. Ranar hutunsa kar ki kira, ki hana wasu ma. In kuna da hali ku haɗu ku biyar ko shida ku tara kuɗin mota da na masauki na kwana uku, ku ba dattawa su miƙa musu tare da sunan wanda zai yi wa'azi ran Lahadin, sannan ɗaya daga cikinku ta ɗauki yaran zuwa gidanta har su dawo.